Ku Tambayi Kawu: wai wa ya fara gano cewa sararin samaniya buɗewa yake yi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Mu dai a nan Jos hunturu ya sauko da ƙarfinsa, yanzu haka da nake wannan rubutun safa biyu ce a ƙafata, shayin da aka kawo min ya huce tun ban kai rabin kofi ba. A fitowar da ta wuce na yi wata 'yar magana a gefe, na ce akwai mutanen da ba su da wani aiki sai bin tarihin fiziks da tarihin ilimin sararin samaniya kuma albashi ake biyansu a kai, to ashe gidan rina na taɓo, saƙonni suka yi ta shigowa har cikin dare. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Kawu ya sanyi. Ni dalibin fiziks ne ina aji uku, gaskia maganar da kayi ta bani mamaki, wai masanin tarihin fiziks. Toh shi meye aikinsa? Ai lissafi lissafi ne in an gano abu an gano shikenan, kuma duk sunayen suna nan cikin littafi, dokar Newton dokar Hubble da sauransu. Ni dai sai naga kamar aikin wanda fiziks ya gagara ne ya koma bada labari.
Daga wani ɗalibi, Naraguta

AMSA: Ɗana sannu da karatu. Ka taimake ni da ka ambaci dokar Hubble, don da bakinka ka kawo misalin da zan kama ka da shi.

Abin da littafinka ya ce shi ne a 1929 wani Ba'amurke Edwin Hubble ya gano sararin samaniya buɗewa yake yi, wato galaksi, manyan garken taurarin nan, suna nisantar juna, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Layi biyu, ka haddace ka zuba a jarabawa. To shi masanin tarihi ba ya tsayawa a littafin aji, tashi yake ya je ya ɗauko ainihin takardar da Hubble ya buga a shekarar, ya karanta ta da idon mutumin 1929, sannan ya bi wasiƙu da littattafan awo da rahoton taruka, ya tambayi kowace lamba daga ina ta fito. Da aka yi haka ga abin da aka tarar.

Gudun galaksin da Hubble ya yi aiki da shi yawancinsa ba shi ya auna ba. Wani ne mai suna Vesto Slipher a tashar kallon taurari ta Lowell da ke Arizona, tun 1912 yake wannan wahalar, wani lokacin dare da dare yana tara haske a kan farantin ɗaukar hoto guda ɗaya. Yadda ake gane gudun kuwa, ka san in tirela ta taho tana danna hon a hanyar Bauchi sautin sirantacce ne, tana wuce ka sai ya yi kauri, to haske ma haka yake, abin da ke guje maka haskensa karkata yake yi zuwa ja. Zuwa 1917 Slipher ya auna guda 25 kuma mafi yawansu guduwa suke daga gare mu. A takardar 1929 Hubble bai ma ambaci sunansa ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ta ɓangaren lissafi kuma, wani ɗan Rasha Alexander Friedmann ya nuna tun 1922 cewa lissafin Einstein ya yarda sararin samaniya ya buɗe ko ya tsuke. Einstein ya rubuta cewa akwai kuskure a aikin, a 1923 ya dawo ya janye ya ce shi ne ya yi kuskuren. Friedmann bai daɗe ba, taifot ta kashe shi a 1925 yana da shekara 37. Sai 1927 wani Fada na cocin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya haɗa biyun, ga lissafi ga awo, ya ce sararin ne da kansa ke buɗewa, har ya fitar da lambar saurin buɗewar, ya samu kusan 625 a ma'aunin da suke aiki da shi. Hubble bayan shekara biyu ya samu 500. Yau ana cewa wajen 70 ne, kaga duk su biyun sun yi nisa da ita, amma dai wa ya riga? Matsalar Lemaître ita ce da Faransanci ya rubuta kuma a wata ƙaramar mujalla ta birnin Brussels da kusan ba mai dubawa. Kamar ka yi gagarumin bincike ka liƙa shi a allon sanarwar sashenku lokacin hutu.

Abin da zai fi ba ka mamaki, shi Hubble ɗin har ya rasu a 1953 bai taɓa fitowa ƙarara ya ce sararin samaniya buɗewa yake ba, kaffa-kaffa ya riƙa yi yana cewa wannan gudu ne na gani da ido, fassararsa a bar wa masu lissafi. Wani masanin tarihin kimiyya ɗan Denmak, Helge Kragh, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Aarhus, shi da abokin aikinsa Robert Smith sun yi rubutu a 2003 a kan wannan tambayar ta wa ya gano, suka nuna cewa laƙaba wa Hubble abin daga baya ne ya yaɗu, shekaru bayan 1929, a hankali littattafai suka yi ta kwafar juna har ya zauna.

Saura ƙarashen, wanda ni ya fi min daɗi. A 1931 aka fassara takardar Lemaître zuwa Turanci a Landan, sai ga shi daidai sakin layin da ya fitar da lambar nan babu shi. Wajen 2011 sai magana ta tashi, wasu suka ce ai cirewa aka yi don a kare martabar Hubble, har da masu nuna shi da yatsa. Labari ne mai daɗin ji, an zalunci Fada bawan Allah. Sai wani masanin taurari Mario Livio ya ce bari ya duba, ya bi tsoffin takardun ƙungiyar masana taurari ta Ingila ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da wasiƙar Lemaître ta ranar 9 ga Maris 1931 zuwa ga editan mujallar. Ashe shi da kansa ya yi fassarar kuma shi ya cire wurin, don a ganinsa awon da ya yi aiki da shi ya tsufa tunda an samu sabo. Kaga takarda ɗaya ta karɓo wa Lemaître haƙƙinsa, wata takardar kuma ta wanke Hubble daga zargi. Mai wannan aikin ba lauyan kowa ba ne. A 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a, kashi 78 cikin 100 suka amince a riƙa cewa dokar Hubble da Lemaître, shi kuma Kragh ko a nan sai da ya fito ya ce bayanin tarihin da aka kafa hujja da shi akwai gyara a ciki. Haka suke, ba sa barin ko ta kwana.

Batun wanda fiziks ya gagara kuwa, haba ɗana. Ta yaya za ka gane an cire lissafi daga takarda in ba ka iya lissafin ba? Thomas Kuhn sai da ya yi digirin dakta a fiziks a Harvard kafin ya koma tarihi, kuma shi ya jagoranci aikin naɗar muryoyin dattawan da suka kafa fiziks na kwantum, wato fiziks na ƙananan abubuwa irin su atom, ya zauna da Niels Bohr ranar 17 ga Nuwamba 1962, washegari Bohr ya rasu. Da ya ce bari sai wani satin fa? Ga kuma harsuna, don takardun farkon ƙarni na 20 yawanci da Jamusanci suke, wasu da Faransanci ko Rashanci. Kai da kake kuka da kwas ɗaya na Turanci.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Na gani a status din wata kawata wai Einstein yace akwai wani abu da shine babban kuskuren rayuwarsa, da gaske ne ko irin maganganun nan ne da ake lika masa?
Maman Khalifa, Rikkos

AMSA: Lafiya lau Maman Khalifa, a shafa min kan Khalifa. Kin yi kyan kai da kika tambaya, don bawan Allahn nan an ɗora masa maganganu a Facebook waɗanda ko a mafarki bai yi su ba.

Wannan dai tana da tushe. A 1917 Einstein ya ga lissafinsa ba ya barin sararin samaniya ya tsaya cak, shi kuma kamar kowa a lokacin ya ɗauka a tsaye yake, sai ya cusa wata lamba da za ta tokare shi. Da aka gano buɗewar sai ya watsar da ita a 1931. Wannan duk a rubuce yake. Amma kalmar babban kuskure ba a same ta a rubutun hannunsa ko wasiƙunsa ba, daga bakin George Gamow ta fito, ya rubuta a 1956 bayan rasuwar Einstein da shekara ɗaya cewa shi ya faɗa masa. Gamow kuwa babban masani ne amma an san shi da barkwanci da ƙara wa miya gishiri, mutumin da ya saka sunan Hans Bethe a takardar da bai sa hannu a aikinta ba, kawai don sunayen marubutan su yi kama da haruffan Girkanci uku na farko.

Kin ga yadda malaman hadisi ke yi, a ce wa ya ruwaito, daga wa ya ji, shin sun ma haɗu, mutum ne mai riƙe magana? To sak haka masana tarihin nan suka yi da wannan zancen. Livio da na ambata a sama ya ce shi bai gamsu ba. Daga baya wasu masu bincike biyu, O'Raifeartaigh da Mitton, suka kawo cewa akwai wasu masanan, John Wheeler da Ralph Alpher, da su ma suka ce sun ji makamancin haka, don haka ruwayar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni a nawa ganin ya faɗa ɗin cikin hira, amma ban yarda ya zauna yana nadamar rayuwa a kai ba. Abin dariyar ma, a 1998 aka gano buɗewar ƙara sauri take yi, sai ga masana sun koma sun ɗauko lambar nan da ya jefar sun karkaɗe ta, yau da ita ake aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna da sabani da makwabcina a shago, shi Kirista ne kuma mun shekara goma sha muna tare lafiya. Ni naji a wa'azi ance wannan Big Bang din yana cikin Alkur'ani tun kafin Turawa su sani, shi kuma yace ai Fada ne na cocinsu ya kirkiro shi saboda ya tabbatar da Littafin Farawa. Muka ce bari mu kawo maka ka raba.
Alhaji mai kayan gini, Dilimi

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ka gaida min maƙwabcin naka. Ayoyin da kake nufi na san su, ta Suratul Anbiya da ke maganar sammai da ƙasa sun kasance a haɗe aka buɗe su, da ta Suratuz Zariyat. Fassararsu aikin malaman tafsiri ne, ni malamin fiziks ne mai ritaya, ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Abin da zan iya kawo muku shi ne abin da takardu suka nuna game da shi Fadan.

Maƙwabcinka ya yi gaskiya a rabi. Lemaître Fada ne, kuma shi ne a 1931 ya kawo ra'ayin cewa komai ya faro ne daga wani dunƙule guda mai tsananin matsi, abin da yau ake kira Big Bang. Amma cewa don ya tabbatar da Littafin Farawa ya yi, nan kam shi kansa Fadan ba zai yarda ba. A watan Nuwamba 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta zo ta shaida farkon halitta, kowa ya zaci Lemaître zai fi kowa murna, sai aka ga akasin haka, abin bai masa daɗi ba sam. Matsayinsa shi ne hanyar lissafi daban hanyar imani daban, kuma farkon da lissafinsa ke magana a kai ba shi ne halittar da addini ke nufi ba. Ya kuma san ra'ayin kimiyya yau yana sama gobe wani awo ya kayar da shi, in ka ɗaure imaninka a jikinsa to ranar da ya faɗi fa?

Kuma a lokacin faɗuwar ba abu ne mai nisa ba, don a shekarun 1950 akwai manyan masana da ke cewa sararin samaniya ba shi da farko ko kaɗan. Can a Tarayyar Sobiyet zamanin Stalin kuma jami'an jam'iyya zagin ra'ayin suke suna cewa tatsuniyar 'yan coci ce aka sa mata rigar kimiyya. Kaga lissafi ɗaya, wannan ya rungume shi don ya ga addininsa a ciki, wancan ya ƙi shi don ya ga addinin wani a ciki, shi kuwa mai lissafin yana cewa ku bar min abina a allo. Ni a nan bayan Fadan nake, Alhaji, ko da wasu malamaina ba za su ji daɗi ba. Ku sayi shayi ku sha tare, kowa ya biya rabi.

TAMBAYA: Kawu wai waye ya rada masa suna Big Bang? Kuma tunda an tabbatar dashi me yasa ake bata lokaci ana karanta tarihin wadanda suka fadi, ai wanda ya fadi ya fadi.
Malamar firamare, Bukuru

AMSA: Malama sannu da fama da yara. Wanda ya raɗa sunan babban mai adawa da ra'ayin ne, Fred Hoyle na jami'ar Cambridge, a wani shirin rediyon BBC ranar 28 ga Maris 1949. An daɗe ana cewa ba'a ya yi, shi kuma ya ce a'a, hoto kawai yake son zana wa mai sauraro tunda rediyo ba allo. Kragh ya bi sawun kalmar a mujallu ya ga ba ta ma kama bakin masana sosai ba sai wajen shekarun 1970. A 1993 wata mujallar taurari ta Amurka ta sa gasar canza sunan, shawarwari sama da 13,000 suka shigo, alƙalai suka duba suka ce babu wanda ya fi na Hoyle. Maƙiyi ya raɗa suna ya bi yaro har girma.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Hoyle da abokansa Hermann Bondi da Thomas Gold sun kawo nasu ra'ayin a 1948, suka ce eh sararin yana buɗewa amma sabon abu yana samuwa kaɗan-kaɗan yana cike gurbi, don haka kullum kamanninsa ɗaya, ba farko ba ƙarshe. Yau ɗalibi zai ji ya yi dariya. Amma ki koma 1948 ki tsaya a inda suka tsaya. Lambar Hubble ta 500 in kika yi lissafi da ita sararin samaniya bai wuce shekara biliyan 2 ba, alhali masu nazarin duwatsu sun riga sun nuna ƙasar nan da muke takawa ta girmi haka. Ɗa ya girmi uwarsa kenan. To wa zai zargi wanda ya ce akwai matsala? Sai a 1952 Walter Baade ya gano an yi kuskure a awon nisan, aka fara gyara, yau ana cewa shekara biliyan 13.8.

Abin da ya karya ra'ayin Hoyle ya zo ne ta hanyar da ba a zata ba. Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai kama da ƙaho a Holmdel ta jihar New Jersey a 1964, suka yi ta jin wani shuuu da ya ƙi tafiya, duk inda suka juya ta yana nan, dare da rana. Har tantabaru suka tarar sun yi sheƙa a ciki, suka kore su suka goge kashin, shuuu na nan. Ashe ragowar zafin farkon sararin samaniya ne suke ji, aka buga a 1965, suka karɓi kyautar Nobel a 1978. Amma Ralph Alpher da Robert Herman sun yi hasashen wannan zafin tun 1948, suka ce zai kai digiri 5 a ma'aunin Kelvin, wanda sifilinsa shi ne ƙarshen sanyi, ainihinsa 2.7 ne, kin ga sun kusa, duk da haka aka manta da su har wasu a jami'ar Princeton suka sake lissafin daga farko ba su san an yi ba. Alpher ya daɗe da wannan takaicin a ransa.

Shi kuma Hoyle da kike cewa ya faɗi, garin neman hujjar cewa ba a buƙatar wani Big Bang shi ya yi aikin da ya nuna a cikin taurari ake dafa sinadarai irin su kabon da ƙarfe, wanda yau kowa ya yarda da shi. Abokin aikinsa William Fowler ya samu Nobel a 1983, shi bai samu ba. Har ya rasu a 2001 bai sauka daga ra'ayinsa ba, taurin kai kam akwai shi. Kuma ko Einstein, an tono wani rubutun hannunsa na 1931 a ma'ajiyar takardunsa da ke birnin Ƙudus inda ya gwada irin wannan ra'ayin na ba farko ba ƙarshe, ya ga lissafin bai fita ba ya ajiye bai buga ba. In kin goge waɗanda suka faɗi daga labarin, yaranki za su taso suna zaton masana ba sa kuskure, ranar da suka yi nasu a aji sai su ce su ba kan kimiyya gare su ba.

TAMBAYA: Kawu duk sunayen da kake kawowa na Turawa ne. Mu Afirka bamu da komai a wannan tarihin ne?
Wani matashi, Unguwar Rogo

AMSA: Ɗana ba zan yi maka daɗin baki ba, manyan na'urorin da kuɗin a can suke, shi ya sa sunayen suka fi yawa a can. Amma ga biyu ka riƙe.

Ka ɗauki taswira ka duba kudu da gaɓar tekun Najeriya, akwai wani ɗan tsibiri Principe. A nan ne Arthur Eddington ya kafa na'urarsa ranar 29 ga Mayu 1919 yana jiran husufin rana, don a gwada maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurarin da ya gifta ta gefenta. Da safe aka tafka ruwa, gajimare ya rufe, cikin hotuna 16 da ya ɗauka biyu kacal suka yi amfani. Wata tawagar tana Sobral a Birazil. Ranar 6 ga Nuwamba aka sanar a Landan cewa Einstein ya yi daidai, daga ranar ya zama sunan da har a kasuwar Terminus ta nan Jos in yaro ya cika ƙwaƙwalwa ake kiransa da shi. Wanda ya ga husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa ƙasar nan ya san yadda gari ke yi.

A nan ma masu tono ba su bari ba. A 1980 wasu masana biyu, Earman da Glymour, suka ce ai an jefar da wasu hotunan Sobral da ba su goyi bayan Einstein ba, aka fara cewa Eddington son rai ya yi, tunda mutum ne mai ƙin yaƙi da ke son a shirya da Jamusawa. Sai Daniel Kennefick ya koma kan takardun ya nuna cewa shawarar ajiye hotunan ta mutanen tashar kallon taurari ta Greenwich da ke Landan ce ƙarƙashin Frank Dyson, kuma dalilinsu shi ne hotunan sun yi dishi-dishi, ana zaton zafin rana ne ya taɓa madubin. An ma sake auna farantan da na'urar zamani a ƙarshen shekarun 1970 suka ba da sakamakon da ya fi kusa da na Einstein. Abin da ni ke damuna daban ne, tsibirin nan gonakin koko ne a ƙarƙashin Turawan Fotugal, akwai 'yan Afirka da suka ɗauki kayan nan a ka suka gina wurin da aka girka na'urar, su kam labarin bai riƙe sunayensu ba.

Na biyu namu ne na gida, Farfesa Samuel Okoye na jami'ar Nsukka. Yana ɗalibin digirin dakta a Cambridge tare da Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin wuri mai fitar da siginar rediyo mai ƙarfi a cikin gajimaren taurarin da ake kira Ƙaguwa, suka buga a 1965, ba a san ko mene ne ba a lokacin. Daga baya aka gane tauraro ne irin mai bugawa kamar zuciya, irin wanda Jocelyn Bell ta gano a 1967 tana ɗaliba a ƙarƙashin shi Hewish ɗin. Hewish ya karɓi Nobel a 1974, ita Bell ba a saka ta ba, wannan ma wata rigimar ce da har yau ake yi. Okoye ya dawo gida ya kafa binciken sararin samaniya a Nsukka, ya rasu a 2009. Ka tambayi ɗaliban fiziks goma ko sun san shi ka ga nawa za su ɗaga hannu.

TAMBAYA: Kawu ni tambayata gajeriya ce, akwai kudi a aikin?
Auwalu mai gyaran waya, Farin Gada

AMSA: Auwalu ka riƙe shagonka da kyau. Albashin malamin jami'a ne, ka kuma san yadda yake a ƙasar nan. Amma in akwai mai sha'awa a cikin masu karatu, aikin yana nan jibge ba mai taɓawa. Hukumar sararin samaniya tana Abuja, an harba tauraron ɗan adam na farko na Najeriya a 2003, waɗanda suka yi aikin da yawansu suna raye. Dattawan da suka fara koyar da fiziks a Ibadan da Zariya da Nsukka da nan Jos suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, takardunsu na cikin kwali a ɗakin ajiya gara na ci, in magada sun gaji su ba mai ƙosai. Wayar da kake gyarawa tana naɗar murya, ba sai an sayi wata na'ura ba. Ni ma akwai wani tsohon malamina a Tudun Wada da na shekara uku ina cewa zan je in zauna da shi, ran Asabar in Allah ya kai mu zan hau keke napep in je, ka duba min makirfon ɗin wayata kafin nan don tun da ta faɗa ruwa muryar ke shaƙewa.